Kaset ɗin da Hisashi Ya Gyara

Sanae tana tsaye a kicin tana wanke shinkafa ta gane ta manta muryar mahaifiyarta. Babu abin da ya kawo zancen. So ta yi kawai ta tuno yadda Inna take ƙwala mata kira daga ƙasan bene, sai ga bakin yana motsi a zuciyarta, ga haƙorin azurfar nan, ga tawul ɗin da take ɗaurawa a ka in za ta wurin shanyar kifi, amma sauti ko ɗis. Ta kashe famfo ta sake gwadawa, ko ƙarar ruwan ce ta hana. Babu. Nan ta tsaya da jiƙaƙƙun hannuwa, tsoro ya kama ta ba kaɗan ba.

Ƙasusuwan Inna, da suka rage bayan ƙona gawa bisa al'adarsu, suna ɗakin tabarma cikin farin akwati, a gaban hotonta, suna jiran Lahadi a kai su kabarin gida da ke kan tudu. Amma muryar ta riga matar tafiya da shekaru masu yawa. Tun ranar da likitoci suka yi mata aiki a maƙogwaro ba ta sake cewa uffan ba. In tana son Sanae sai ta buga cokali a jikin kofin shayi, kuma ƙarar cokalin nan ce yanzu ta cika kunnen Sanae ta danne komai. A zamanin da Inna take da murya kuwa, murya ce da ake jiyowa tun daga tashar jiragen kamun kifi ta Choshi. Kowa ƙorafin ƙarfinta yake yi, ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar ta ya ajiye.

Sai ta tuna da kaset ɗin yayanta.

Hisashi ne yayan. Mutum ne da ya fara furfura, yana da ɗan shago a saman wata tsohuwar kasuwa a Tokyo, inda yake sayar da tsofaffin hotunan finafinan zane da 'yan gumakan roba. Yakan yi rubutu a mujallu a kan waɗannan finafinai, har wasu garada masu sanƙo suna rusuna masa suna kiran sa Malam. Duk wannan hauka kuwa daga fim ɗaya ta samo asali, Ɓarayin Ƙararrawa, labarin wasu sakarkarun ɓarayi biyu, Sakuzo mai tumbi da siririn abokinsa Ponkichi, waɗanda suka je sato ƙatuwar ƙararrawar wani ɗakin ibada daga hannun attajirin da shi ma sato ta ya yi, don su mayar wa mutanen tsibirinsu. A faɗi gaskiya, fim ne mai daɗi. Sanae ma ta san da haka, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Ranar da aka fara nuna shi a talabijin, gidansu ba su da na'urar bidiyo, a layinsu ma ba wanda yake da ita. Yaran lokacin abin da suke yi shi ne su kara rikoda a jikin lasifikar talabijin su ɗauki sautin, daga baya su kwanta su rufe ido su yi ta saurare suna kallon fim ɗin a kai. Matsalar ɗaya ce: duk abin da ya motsa a ɗakin sai ya shiga kaset. Don haka Hisashi ya kafa doka tun da rana. Ya tsayar da agogon bango, ya kori kyanwa waje, ya sauke kan wayar tarho, ya ɗora rikodar a kan tarin littattafan makaranta har bakinta ya yi daidai da lasifika. Baba yana teku, ba ya cikin lissafi. Sanae kuwa an bar ta ta zauna, da sharaɗin in dariya ta zo mata ta cusa fuska a matashin zama.

Inna ce ba ta ji dokar ba, ko ta ji ta manta. Ta dawo daga aiki ta shiga kicin ta ƙofar baya, fim ya yi nisa, ɓarayin nan biyu sun shige ƙarƙashin ƙararrawa sun ɓoye daga 'yan sanda, sai ga ƙofa an ja ta da ƙarfi.

"Wai ku ba ku jin ƙamshin kifi ne? Abinci yana hucewa kun yi min zugum kamar gidan makoki. Hisashi, janye fuskarka daga jikin talabijin kafin idonka ya koma na kifin. Sanae, wannan matashin me ya yi miki kike cin sa?"

A daidai lokacin wani tsohon mai ibada a cikin fim ya ja gungumen da ake buga ta da shi ya maka wa ƙararrawar, ɓarayi suna ciki. Suka fito suna karkarwa, suna ƙoƙarin yi wa ɗan sanda bayani, kowace kalma tana rawa a bakinsu. Inna ta saki dariya har ta zauna dirshan a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce mai tumbin nan ai babansu ne sak, ta ce a matsa mata ta gani, ta yi ta zuba surutu har aka shiga talla. Hisashi kuwa kuka ya yi, ƙato da shi, ya ƙi cin abinci. Kaset ɗin ya zama abin tsokana a gidan na ɗan lokaci, daga baya ya ɓoye abinsa, da zai tafi Tokyo ya tafi da shi.

Sanae ta goge hannu ta buga masa waya.

"Yaya, in za ka taho ka zo da kaset ɗin nan na Ɓarayin Ƙararrawa. Wanda ka ɗauka a gida."

"Na me?"

"Akwai muryar Inna a ciki."

"Ban san inda yake ba."

"Kai ɗin? Kai da ka san inda takardar alewar da ka sha a silima kana yaro take? Ka nemo shi."

"Zan duba," in ji shi, ya kashe.

Ranar Asabar da rana ya sauka daga jirgin ƙasa, ya iso da jakar kafaɗa da kwalin kek irin wanda ake saya a tasha a tsaitsaye, in mutum ya tuna ba a shiga gida hannu rabbana. Ya cire takalmi ya juya hancinsu zuwa ƙofa, ya wuce ɗakin tabarma ya durƙusa, ya kunna turare, ya taɓa 'yar ƙararrawar da ke gaban hoton, ya haɗa tafi ya rufe ido. Sanae tana tsaye a bayansa tana kallon sanƙon da ya fara a tsakar kansa. Ta lura bai daɗe ba. Ta lura da komai, domin ta zo da niyyar lura.

Ta kawo shayi ta dangwarar. Shi kuma ya buɗe jaka ya fito da faifan fim ɗin sabo fil a ledarsa, ya tura mata a kan tebur da hannu biyu.

"Ga wannan. Sabon bugu ne, an wanke shi an dawo da kalarsa ta asali. In kin ga tekun da ke ciki sai kin riƙe baki. Kowace igiyar ruwa da hannu aka zana ta, Sanae, ɗaya bayan ɗaya. Wurin nan da ƙararrawa ta gangaro daga tudu ta ratsa kasuwa, ai mutanen yanzu ba su da haƙurin…"

"Ban tambaye ka teku ba. Teku ga shi nan a bayan gida, tsatsarsa ta cinye min tagogi. Ina kaset?"

"Na ce miki zan duba."

"Ka duba?"

"Tsohon kaset ne. Irin waɗannan in sun daɗe sai zaren ya manne, kina sa shi a na'ura ya tsinke. Ba abin wasa ba ne."

"Ashe ka san halin da yake ciki. Kenan ka gan shi."

Ya ɗauki shayi ya kurɓa, ya tsura wa kofin ido kamar bai taɓa ganin kofi ba. Sanae ta ji ranta yana tafasa. Ta san wannan fuskar tun suna yara, fuskar da yake yi in ya cinye rabonta yana jiran a gaji da tambaya.

"Ko dai wani cikin almubazzaran da suke kiran ka Malam ya yi maka tayi ne? Faɗa min. Kaset na ranar farko, har da tallar lokacin, ai dole ya yi daraja a wurin marasa aikin yi."

"Ban taɓa sayar da shi ba, ba kuma zan sayar ba."

"To ba ni."

"Nawa ne ai."

"Naka ne," ta maimaita a hankali. "Kaset naka ne, fim naka ne, Tokyo taka ce. Ni kuma wankan Inna nawa ne, da canjin shimfiɗa, da share bututun wuyanta safe da yamma. Ranar da aka shiga da ita ɗakin aiki kana ina, Yaya? Kana gaban mutane kana musu bayanin yadda aka zana ƙafar keken ɗan sanda."

"Inna da kanta ta ce kada in zo."

"Inna kullum haka take cewa. Kai ne kaɗai a duniya kake yarda."

Ya ajiye kofin da ɗan ƙarfi. "Ke kuma kin ɗauki jinyar nan kin mayar da ita sanda, duk wanda ya matso sai ki maka masa. Na zo, kin ce na zo in tsaya miki a ka. Na ɗauki kwano zan ba ta abinci, kin fizge kin ce zan shaƙe ta. Kina so a taimake ki ne, ko kina so a yi ta ganin ba a taimake ki ba?"

Maganar ta same ta, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba ta da niyyar yafe masa wannan. Ta miƙa hannu ta janyo jakarsa.

"Sanae, bar min jaka."

Ta zazzage ta a kan tabarma. Baƙar rigar gobe a ninke, reza, maganin hawan jini, mujalla mai ɗauke da sunansa, sai wani ɗan ƙunshi a cikin shuɗin hankici, an ɗaure shi da kyau kamar abincin ɗan makaranta. Ta kwance. Ga shi nan, kwalinsa ya yi rawaya, da rubutun Hisashi na yarinta, kowane harafi a tsaye ƙyam.

"Ban san inda yake ba," ta kwaikwaye shi. "Kai, Yaya, ba ka ji kunya ba? A gaban Inna?"

Fuskarsa ta yi wani iri, ba irin ta wanda aka kama da ƙarya ba, ta fi kama da ta wanda ya ga yaro ya ɗauki wuƙa. Ta zaro kaset ɗin ta jujjuya shi, sai yatsanta ya ji wani abu a gefen sama. Duk wanda ya tashi da kaset ya san ɗan haƙorin nan da ake ɓallewa in an gama ɗauka, don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Hisashi ya ɓalle nasa tun a ranar, a gabanta ya yi, yana shessheka. Yanzu kuwa ramin a rufe yake da ɗan guntun salatif da ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ba a rufe wannan rami sai in za a sake ɗauka.

"Wannan fa?"

"Sanae…"

"Me ka yi masa?"

"Ki ajiye shi. Gobe in an gama sai mu yi magana."

Ta tashi ta shiga kicin ta ɗauko rediyon Inna mai kaset, wanda take jin labarin yanayin teku da shi tun Baba yana raye, jikinsa duk maiƙo. Ta dire shi a kan tebur ta jona. Da ya ga ba makawa sai ya miƙo hannu.

"Kawo in warware shi tukuna. In kin sa shi haka zai tsinke, daga nan ni da ke mun huta."

Ta ba shi ba don ta so ba. Ya zaro fensir daga aljihu ya zura a ramin da ke naɗe zaren ya yi ta juyawa a hankali, yana kallon zaren ta 'yar tagar. Ya sa shi ta fuska ta biyu, ya rufe, amma bai danna ba. Ita ta danna.

Da farko huci ne kawai, sai ƙarshen tallar wani garin miya, sai kakaki da ganguna suka ɓarke, ga muryar Sakuzo yana ihu a riƙe igiya, Ponkichi yana cewa wace igiyar, shi ai wutsiyar saniya ya riƙe. Sanae ta ɗaure fuska tamau. Ba ta zo jin wannan ba. Amma kunne ba shi da ƙofa da za a rufe, kuma hotunan suka riƙa zuwa mata da kansu: ƙararrawa tana gangarowa da mutum biyu a ciki, rumfunan kasuwa suna tashi sama, mai sayar da taliya yana bin su a guje da kwano a hannu ko ɗigo bai zubar ba, ɗan sanda a kan keken aro yana ba da haƙuri ga duk wanda ya banke. Ta ga ta san kowace kalma kafin a faɗe ta. Gefen bakinta ya fara motsi, ta cije shi. A can ƙasan kiɗan kuma ana jin wani abu kamar kukan ɗan kwikwiyo a cikin bargo, sai ta gane ita ce, tana yarinya, da fuska a cikin matashi. Daga nesa wani jirgi ya yi ƙaho a tasha. Ɗakin nan ne dai da suke zaune, yana cikin kaset ɗin gaba ɗayansa.

Ɓarayi suka kai ɗakin ibada da ƙararrawar. Suka ɗaga gefen ƙararrawa suka shige. Takalman 'yan sanda suka fara zagaye. Sanae ta daina numfashi, ta kafe ƙofar ɗakin da ido, tana jiran a ja ta.

Sai aka ji ƙas. Ɗan ƙaramin sauti, kamar an taka busasshen ganye. Hucin kaset ya canja, kukan ɗan kwikwiyo ya ɓace, a maimakonsa aka fara jin kukan ƙwarin bazara ta taga. Fim ya ci gaba daidai inda yake, ko kalma ɗaya bai ɓata ba. 'Yan sanda suna ta zagaye. Ba wanda ya ja ƙofa.

Ta juyo ta dube shi.

"An sake nuna fim ɗin da bazarar da ta biyo," in ji shi, idonsa a kan tabarma. "Kina gidan Gwaggo a lokacin. Na juya kaset zuwa daidai wurin, na jira, da aka zo sai na danna. Ya hau daidai, ko kaɗan bai goce ba." Ya haɗiyi yawu. "Har alfahari na yi da shi a makaranta."

"Ka goge ta."

"Yaro ne ni."

"Ka goge uwarka don ka ji takalmin ɗan sanda."

"Wa ya san za a yanke mata murya? Ke kin sani? Kullum tana nan tana magana, daga safe har dare, har mutum ya rasa inda zai sa kansa. Fim ɗin ne ba ya dawowa sai an ga dama. Haka na gani a lokacin."

"Shi ya sa ka kawo min faifai. Ka goge ta, ka kawo min teku."

A cikin rediyo shugaban 'yan sanda yana ba da umarni a duba bayan gini, ana jin takun tsohon mai ibada yana tahowa da takalmin katako, ƙwas, ƙwas, yana waƙarsa ta safe. Hisashi ya ɗago kai da sauri ya kai hannu.

"Ya isa haka. Kin ji abin da kike so ki ji. Kashe shi."

Ta buge hannun. "A'a, ai sai mun ji aikinka. Ba ka ce ya hau daidai ba? Bari mu ji abin da ya fi Inna."

"Sanae, don girman Inna ki kashe."

"Kada ka ƙara kama sunanta."

Ya sake kai hannu, ta janye rediyon ta rungume shi a ƙirji. Gungume ya daki ƙararrawa. Ƙarar ta cika ɗakin ta yi ta kaɗawa, ta yi ta kaɗawa, sannan gefen ƙararrawa ya ɗagu, Sakuzo ya fito yana cewa ba-ba-barka da a-a-asuba ra-ra-ranka ya da-daɗe, Ponkichi yana ƙoƙarin tsayar da haƙoransa da hannu, yana rantsuwa su ma-ma-masu sha-shara ne.

A nan, kusa da rikoda ƙwarai, wani ya yi wani ɗan sauti ta hanci, irin na wanda ya toshe baki da hannu biyu abin ya fi ƙarfinsa. Aka danne. Ya sake kufcewa. Sai dariyar ta ɓalle gaba ɗaya, mai kauri, mai ɗan kakari a ƙarshe, dariyar da Sanae ta yi ta nema a kicin ta rasa. Ba ta daɗe ba. Muryar wani saurayi ta sare ta, a ƙasa-ƙasa, cike da tsana.

"Inna. Kin yi alkawari fa. Ki yi shiru mana, kullum sai kin ɓata min."

Sai muryar mace, cikin raɗa, har yanzu da sauran dariya a ciki tana ƙoƙarin haɗiye ta.

"Yi haƙuri, Hisashi. Yi haƙuri. Na yi shiru."

Ta kuwa yi shirun. Fim ya ci gaba, ɓarayi suka kifa ƙararrawa a ruwa suka mai da ita kwalekwale, kakaki ya dawo, ƙwarin bazara suna ta kuka, amma ba a sake jin ko motsinta ba har wani ƙas ɗin ya zo, ɗan kwikwiyo ya dawo cikin bargonsa.

Sanae ta danna ta tsayar. Hisashi ya sunkuyar da kai, hannuwansa a kan gwiwa, sanƙonsa ya yi jawur.

"Ita ta roƙe ni in bar ta ta zauna," in ji shi da ƙyar. "Ta ce ranar farko ba ta ga yadda suka shiga ciki ba, tana so ta gani. Ta cire silifas ɗinta a waje don kada ya yi ƙara. Ta zauna can, inda akwatin yake yanzu." Ya goge hanci da bayan hannu. "Tun da aka yi mata aikin ban sake sa shi ba. Fim ɗin ma in ya zo wurin nan fita nake yi daga silima. Mutane suna cewa Malam ya gan shi da yawa ne."

Ba ta tausaya masa ba, ko ta tausaya ba ta bari ya gani ba. Ta danna maɓallin komawa baya, zaren ya yi ƙara, ta saki. Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Ba-ba-barka da asuba. Ɗan sautin hanci, dannewa, dariya. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi yana zuba, domin muryar ta dawo, kuma da ta dawo sai ta jawo sauran: kiran ƙasan bene, cinikin kifi, faɗan takalmi a bakin ƙofa, duk suka dawo da sautinsu. Sai saurayin ya ce ki yi shiru mana. Ta sake mayarwa.

"Don Allah," in ji Hisashi. "Ya isa."

Ta sake mayarwa. Ta gwada tsayar da shi daidai ƙarshen dariyar, amma muryar tasa ta hau kan wutsiyar dariyar, ba yadda za a yi a ji ɗaya cikakkiya ba a ji farkon ɗayar ba. Ta gwada har ta haƙura.

Shi ma ya lura. Ya matso kaɗan, ya share murya, kuma a karon farko tun zuwansa ta ji ya yi magana da ɗan ƙarfin gwiwa.

"Saurara. Akwai wani da na sani a Tokyo, aikinsa kenan, shi ya gyara sautin faifan nan ma. Zai iya ɗauke muryata gaba ɗaya. Ya cire ƙwarin, ya cire hucin, ya rage fim ɗin, ya bar miki dariyar kaɗai tsaf. Ba za ki ma san na taɓa magana ba. Ki ba ni shi na ɗan lokaci, in gyara miki."

Sanae ta daɗe tana kallon sa. Da gaske yake, abin da ya fi ba ta mamaki kenan. Idonsa jawur, hancinsa yana zuba, kuma da zuciya ɗaya yake miƙo hannu.

Ta buɗe rediyon ta zaro kaset. Ta sa farce a gefen salatif ɗin ta kankare shi, ya ɓare a bushe ya bar ramin a buɗe. Ta kama hannun da ya miƙo, ta juya tafin sama, ta ɗora masa guntun salatif ɗin a ciki ta rufe masa yatsu.

"Ga naka," ta ce. "Ka gyara ta sau ɗaya, ya isa."

Ta mayar da kaset ɗin cikin rediyo, ta ɗauka ta kai gaban farin akwatin ta ajiye kusa da turaren da ya kunna, wanda ya kusa cinyewa. Ta durƙusa ta mayar da zaren baya sosai, tun daga inda ɓarayi suka iso ɗakin ibada, domin Inna ta ce tana so ta ga yadda suka shiga. Hisashi ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Yaya," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Kuma ka yi shiru."

Ya koma ya zauna. Ta danna.